Ɗinkin Yelwa

Duk wanda ya ci kasuwar Tambuwal a 'yan shekarun nan kafin Turawa su tattara nasu ya nasu, ya san rumfar Maccido Mai Ƙwallo. A rumfar akwai takalman kanbas, da gajerun wanduna, da usur, da famfon iska guda ɗaya wanda ba na sayarwa ba ne. Sai kuma ƙwallaye jajaye rataye a igiya suna ta sheƙi. Lokacin ƙwallo ya shigo ƙasar da ƙarfinsa. 'Yan makarantar elemantare suka fara, samarin gari suka karɓa, har ta kai ko a Fakku in an taso daga gona sai ka ga ƙarti suna bin abu guda a fako suna haki.

Ƙwallon kanti sai wane da wane. Na Maccido kuwa araha ne, ko 'yan dako suna iya haɗa kai su saya. Abin da mutane ba su gani shi ne hannun da ke ɗinka su. Can cikin gida, a gindin durumi, yayarsa Yelwa ke zaune da basilla da zaren jijiya. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta. Ubansu Ɗan'iya baduku ne da aka sani har Kebbe, kuma ita ce ta ɗauko hannunsa. Shi Maccido sau ɗaya basilla ta soke shi yana yaro, ya rantse shi da dukanci har abada.

Ƙwallon farko da Yelwa ta ɗinka da fatar shanu ta yi shi. Maccido ya kawo mata wani mataccen ƙwallon kanti, ta farke shi, ta dubi yankan, cikin kwana uku ta fitar da irinsa. Samarin Dogon Daji suka saya. Daga nan ne fitina ta taso.

Wata rana da hantsi Maccido ya shigo da ƙunshin fatu a kafaɗa, ya zube su gabanta, ya tsuguna yana ɓata rai.

"Yaya, ƙwallon ga naki shina da aibi guda."

"Mi na aibinai?"

"Ba shi mutuwa. Shekara guda samarin Dogon Daji suna dukan abu guda. Dut ranar kasuwa sai su biyo su gaishe ni, su yi mani godiya. Godiya nika ci?"

Yelwa ta yi dariya har da riƙe ciki, don ta zaci wasa yake yi. Sai da ta ja fata guda ta murza, ta kai hanci, sannan dariyar ta tsaya.

"Maccido, wagga ai fatar tunkiya ta. Ado aka yi da ita, a yi gafaka, a yi matashi. Ba a dukanta da ƙafa."

"In an rina ta da karan dafi, an shafa mata mai, wa ka ganewa?"

"Ni."

"Ke ai ba ki saye."

"Baba ya ce baduku ba shi sa hannunai ga..."

"Baba ya mutu da basilla goma da riga guda," in ji Maccido. Ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Talaka na son wasa, Yaya, kuma ba shi da na kanti. Taimako mu ka yi."

Wanda ke zaune a gidan wani ba ya ja da mai gida a kan fata. Yelwa ta karɓa. Abu guda dai ta ƙi saki, shi ne ɗinkin ubanta: huda ɗaya zare biyu, ɗaya ya shiga ta nan ɗaya ta can, a ja a ɗaure, ƙulli a ciki. Maccido ya yi ta mita wai tana ɓata lokaci, ta yi kunnen uwar shegu da shi.

Sababbin ƙwallayen suka fito gwanin sha'awa, suka kuma tafi kamar ana rabon sadaka. Wanda ya yi tsawon rai a cikinsu shi ne ya ga Juma'a biyu. Masu saye suka fara dawowa rumfa da fatattakakkiyar fata a hannu suna huci. Nan Maccido ya nuna cewa in bai gaji dukanci ba, ya gaji baki daga wani wuri. Sai ya karɓi mataccen ƙwallon, ya girgiza kai, ya yi ƙasa da murya.

"Wallahi ku yi haƙuri. Yayata ta ka yin ɗinkin ga, ta tsufa, ido ya yi rauni. Ƙaƙa za ni yi? In kore ta? Mijinta ya rasu, ba ta da kowa sai ni."

Wanda ya zo da faɗa sai jikinsa ya yi sanyi. A yaba wa Maccido riƙon zumunci, a sa masa albarka, ya ɗan yi rangwame, a ɗauki sabo. Ban taɓa ganin mutumin da aka yi wa addu'a a kan cuta kamar Maccido ba.

Matattun ƙwallayen kuwa ba ya bari su kwana a hannun kowa. In ya dawo gida da la'asar sai ya zare robar ciki ya ajiye, ya sa wuƙa ya yayyanka fatar filla-filla, ya watsa a wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe a bayan gida. Ba ƙwallaye kaɗai ba. Takalmin kanbas in ya yi kwantai, ko aka samu ƙafa biyu duk na hagu, shi ma wuƙa ce rabonsa. Yelwa tana gani ranta yana ƙuna, don a gidan ubansu ko ɗan guntun fata kamar kunnen akuya ba a yar da shi.

"Ka ba ni su in yi musu maho mana. Takalman ga kau, ga ɗiyan maƙwabta nan ƙafa ƙasa."

"Wanda yas samu kyauta yau ba shi saye gobe," in ji shi, ya ci gaba da yanka.

Da yake ƙwallo ba ya daɗewa, ciniki sai ya ninka, aiki ma ya ninka. Da can Yelwa takan yi ɗinki daga hantsi zuwa azahar ta miƙe ƙafa. Yanzu har rana ta yi ja tana duƙe. Yatsunta suka kumbura, jijiya ta tsaga mata gefen ɗan ali, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Duk wannan bai dame ta ba, don baduku da ciwon yatsa tare aka haife su. Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne matan unguwa. Da ba a kwana biyu wata ba ta aiko da laya a rufe mata ba, ko mafici a yi masa baki, ko tandun kwalli a gyara. Sannu a hankali aiken ya ɗauke ɗif, ba ta san dalili ba.

A gidan suna ta sani. An taru a tsakar gida ana ta shewa, sai wata baƙuwa daga Dogon Daji ta kawo labarin wani aure da aka ɗaura da ƙaramar salla, kafin babbar salla auren ya mutu.

"Ai auren ga ɗinkin Yelwa na," in ji baƙuwar. "Kwana fuɗu ya ɓalle."

Wasu suka kwashe da dariya, waɗanda suka san wadda ke zaune kusa da turmi suka sunkuyar da kai. Yelwa ta juya a hankali.

"Ɗiyata, wace Yelwa?"

"Wata tsohuwa ta, makauniya, nan garinku. Ita ka ɗinka ƙwallon Maccido. Ba ki taɓa ji ba? Ko katanga taf faɗi da ruwan fari, haka aka cewa."

Yelwa ta ce ba ta taɓa ji ba. Ta ƙarasa cin tuwonta, ta wanke hannu, ta yi wa mai jego barka, ta tafi gida. A hanya ne maganar ta dawo mata. Sunan da Ɗan'iya ya yi shekara arba'in yana ginawa da basilla, ya bar mata shi don bai da gona bai da saniya, ashe ya zama abin zolaya a bakin mata har garin da ba ta taɓa zuwa ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ta tarar da Maccido yana shan fura a ƙofar ɗaki.

"Ni ce makauniya?"

Ya ƙware, ya yi tari, ya goge gemu. "Haba Yaya, maganar kasuwa ta. Kowa na faɗin abin da za ya sa a sayi kayanai."

"Da sunana kaka ciniki."

"Suna cinai aka yi? Ke da ba ki zuwa kasuwa, mi yad dame ki da abin da aka faɗi can? Kin rasa tuwo? Kin rasa zane? In nic ce fata ta, wa ka ƙara saye? Sai mu zauna ni da ke mu ci sunan."

Matarsa Zahara'u ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. Ba muguwa ba ce, ita dai ba ta son hayaniya a gida.

"Yaya, a yi haƙuri. Ke ta babba. In ba ki rufa mai asiri ba, wa ka rufawa? Hannunka ai ba shi ruɓewa ka yanke ka yar."

Haka aka rufe maganar da haƙuri, wanda a gidan nan kullum mutum ɗaya ake aika wa da shi. Washegari Yelwa ta koma gindin durumi. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki, ko gaisuwar mutuwa sai ta bari an watse. Mace mai ban dariya da mata ke rububin zama kusa da ita ta koma sai ita sai basilla. Aka ci shekara biyu a haka.

Ranar da abin ya juya, ranar kasuwa ce da azahar. Wani malamin makaranta daga Kebbe, Malam Lauwali, ya iso rumfa a kan keke, ya yi gumi sharkaf, da buhu ɗaure a baya. Tun kafin ya jingine keken ya fara faɗa. An yi wasan makarantu a garinsu, ga hakimi, ga Baturen da ke duba makarantu. Don girmamawa aka ce Bature ya fara bugawa. Ya ja da baya, ya sheƙo, ya ɗaga ƙafa, sai ji aka yi fus, ƙwallo ya tsaya a kan takalminsa kamar hula. Aka kawo na biyu, aka kawo na uku, kafin a juya fili na huɗu ma ya bi su. Da ƙunshin tsumma aka ƙarasa wasan.

Maccido ya ga mutane sun fara taruwa, sai ya kama hannun malamin. "Malam, rana ta yi zafi. Mu tafi gida ka sha ruwa, mu yi magana cikin mutunci."

A zaure aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura mai sanyi. Maccido ya karanto karatunsa na kullum, tsufa da raunin ido da zumunci. Amma Malam Lauwali ya tuko keke tun daga Kebbe da kunyar gaban hakimi a ransa, bai sauko ba. Ya ce shi sai ya kai magana gaban alƙali. Maccido ya rikice. Garin neman mafita ya yi abin da bai taɓa yi ba cikin shekara biyu, ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya.

"Yaya! Fito ki ba Malam haƙuri da bakinki."

A tunaninsa malamin zai ga furfura da yatsu naɗe da tsumma ya ji tausayi. Ya manta gidan da aka haife shi. Yelwa ta yafa mayafi, ta fito, ta durƙusa a bakin zaure suka gaisa da baƙo.

"Malam, gidanmu aikin da anka maido ba da baki aka ba da haƙuri ba. Gaban mai shi aka buɗe shi, a ga inda yam mutu. In laifin hannu na, baduku ya biya. Miƙo mani buhun ga."

Maccido ya yi wuf ya kai hannu. "A'a, mi za a gani ga mushe? Kawo in yar da su."

Malam Lauwali ya dafe buhun da tafinsa, ya dubi Maccido, ya tura wa Yelwa. Ta zaro ƙwallo guda, ta sa yatsa ta inda ya fashe, ta juya cikinsa waje. Ta miƙa wa malamin gefe guda na ɗinkin.

"Ja."

Ya ja.

"Haba Malam, ba ka sha fura ba? Ja da ƙarfi."

Ya dafa ƙafa a bango ya fizga. Fatar ta yage ta biyo hannunsa har ya kusa kifewa, ɗinkin kuwa yana nan a jere, ko zare ɗaya bai motsa ba. Ta juya na biyu, ta juya na uku da na huɗu. Duk wuri ɗaya suka mutu, a jikin fata, gefen ɗinki. Sannan ta kama tsakiyar fatar da yatsu biyu ta keta ta ba tare da ta yi nishi ba.

"Tunkiya ta, Malam. Ko Bature bai buga ba, iska na isa ya kashe ta." Ta ɗan ƙura masa ido. "Kuma maɓallin rigarka na biyu saura zare guda ya faɗi. In ka tuɓe, makauniya ta ɗinke maka."

Malam Lauwali ya duba ƙirjinsa, ya taɓa maɓallin, sai ga shi a hannunsa. Dariya ta ƙwace masa duk da fushin da yake ciki. Da ya gama ya juya wajen mai gida.

"To, Goggo ta fita. Wa ka sayo fata?"

Maccido ya dubi rufin zaure, ya dubi ƙwaryar fura. "Malam, araha fa kas saya. Kowa yas sayi rariya ya san tana zubar da ruwa."

"Ai ba rariya kac ce muna ba. Cewa kay yi tukunya ta, yayarka taf fasa."

Malamin bai je wurin alƙali ba. Ya yi abin da ya fi haka zafi, ya gaya wa duk malamin da ya haɗu da shi daga Tambuwal har Kebbe. Ita kuwa Yelwa tana komawa ciki ta tattara basillunta ta zuba a jaka, ta rataye a reshen durumi. Maccido ya shigo yana kumfar baki wai ta kunyata shi gaban baƙo.

"Taka kunyar ta yini guda ta," in ji ta. "Ba ni ƙara huda fata cikin gidan ga sai ka tafi inda kaɓ ɓata ni ka gyara. Cikin kasuwa, gaban rumfarka, da bakinka."

Ya yi tsaki, ya ce dukawa ba su ƙare a duniya ba. Ya ɗauki fatunsa ya nufi Dogon Daji. Baduku na farko ya murza fatar ya miƙo masa abinsa. Na biyu ya tambaye shi ko shi ma za a ce ya makance. Na uku ya karɓa ya yi masa ɗinkin shashasha, ƙwallon ya fashe tun a bakin famfo. Kasuwa uku igiyar rumfa tana lilo ba komai a kanta. Ya sayo wa Yelwa turmin atamfa, ta ce ya kai wa Zahara'u. Ya kawo goro fari manya, ta karɓa ta ci, ta yi godiya, jaka dai tana nan a reshe. A kwanakin nan har ƙiba ta yi, yatsunta suka sace, aka fara jin waƙarta in tana tsince wake.

A kasuwa ta huɗu ya sallama. Yelwa ta ci ado da zanenta na saƙi, ta bi shi a baya, ta zauna a tabarmar wata mai sayar da daddawa kusa da rumfa. Labari ya riga ya zaga, mutane suka taru har da masu awon hatsi da suka bar mudu a buhu. Maccido ya tsaya yana murza hula, ya fara magana kamar mai ciwon haƙori.

"Ɗaga murya," in ji Yelwa daga bayansa. "Akwai kurame cikin kasuwa."

Aka fashe da dariya. Ya share gumi ya ɗaga murya. Ya ce ƙwallayen da ya sayar fatar tunkiya ce, shi ya sayo ta da saninsa. Ya ce ɗinkin yayarsa bai taɓa ɓallewa ba, idonta kuma garau yake, ya fi nasa. Samari suka yi ta ihu, wani ya ce a maido masa da addu'ar da ya yi masa. Har Maccido kansa ya fara murmushin jin kunya, yana ganin an wuce wurin.

Sai mai daddawar nan, tsohuwa ce da ta san ubansu, ta ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan Ɗan'iya. Ga majemi, ga mai rini, ga zafin rana, ga ƙafar ƙarti. Dut kana iya ɗora musu. Don mi kaz zaɓi wadda kunka sha nono guda?"

Maccido ya murza hular da ke hannunsa. Sannan ya faɗi gaskiyar da ba a sa shi faɗa ba.

"Don ita kaɗai ta nis san ba ta tona ni."

Ba wanda ya yi dariya. Mutane da yawa a wurin suka sunkuyar da kai, don kusan kowane gida akwai wanda ake jibga wa laifi saboda an san ba zai yi magana ba, kuma yawanci shi ne wanda ya fi ƙaunar mai jibgawar. Yelwa ta sha zolaya shekara biyu idonta a bushe, amma wannan kalma ta sa hawaye ya zubo mata a gaban kasuwa. Ta bar shi ya zuba, sannan ta share da gefen mayafi, ta dafa kafaɗar mai daddawa ta miƙe.

"To, yanzu ka san ina tonawa," ta ce da ƙanenta. "Sa hularka mu tafi wurin majema. Daga yau ni ka zaɓen fata."